RA'AYINMU: Wa Zai Karanta Mana Takardunmu?

'Yan'uwa ɗalibai, ga shekarar karatu ta doshi ƙarshe, waɗanda su ke ajin fita kuwa tuni sun fara lissafin inda za su sa gaba bayan sun sauke bautar ƙasa. Waɗansu aikin gwamnati su ke hange, waɗansu kasuwa, waɗansu kuma, ko don son ilmi ko don aikin ya ƙi samuwa, sun ƙudura komowa jami'a neman digiri na biyu. Da waɗannan na ƙarshe mu ke son yin magana a wannan fitowa, musamman 'yan Sashen Laburare da Ilmin Bayanai, da 'yan Tarihi, da 'yan Hausa, da 'yan Larabci, har da 'yan Kimiyyar Kwamfuta, waɗanda ba safai a kan gan su a inuwa ɗaya da sauran ba. 'Yan'uwanmu ƙananan ma'aikata da su ke karanta wannan mujalla a ofisoshinsu kada su ajiye ta tukuna, maganar za ta biyo ta kansu.

Duk wanda ya ke son ya san halin da binciken gaba da digiri ya ke ciki a fannin laburare da bayanai, ba sai ya tambayi kowa ba. Ya shiga ɗakin da a ke jera kundayen digiri a jami'o'in ƙasar nan, ya bi kanta da ido yana karanta sunayensu. Zai tarar da yawansu 'yan gida ɗaya ne: wannan ya auna ko ɗaliban jami'o'i uku na wata shiyya sun san da littattafan da ke intanet, wancan ya auna ko malaman kwalejoji biyu suna amfani da su, na kusa da shi ya auna ko ma'aikatan laburare sun gamsu da aikinsu. Hanyar kuwa ɗaya ce. A buga takardar tambayoyi, a raba wa mutum 200 ko 300, a tattaro, a zuba wa kwamfuta ta fid da kashi kaza cikin ɗari, sa'an nan a rufe da cewa wutar lantarki ba ta zama, kuɗi sun yi kaɗan, ya kamata gwamnati ta duba. Baɗi wani ya zo ya sake sunan shiyyar, ya bi sawu. Ba raina wahalar kowa mu ke yi ba. Mun san abin da ɗalibi ya ke kashewa kafin ya ga an sa wa kundinsa hannu, mun san malami ɗaya ya kan riƙe ɗalibai fiye da ƙarfinsa, ga shi kuma wannan hanya ita ce mai saurin kai mutum gida. Amma bayan an ɗora kundin a kanta, me ƙasa ta sani wanda a da ba ta sani ba? Cewa wuta ba ta zama ai mai sayar da ƙanƙara ya riga kowane dakta sani.

Alhali kuwa ga wani aiki nan jibge yana jiran masu digiri, aikin da in ba a yi shi a zamaninmu ba, wani sashinsa ya wuce ke nan har abada. Watau aikin tattara abin da mutanen ƙasar nan suka rubuta da ajami da Larabci da boko, da abin da suka rera aka ɗauka a faifai, a tantance shi, a bayyana ko mene ne, a shigar da shi cikin na'ura ta yadda mai bincike zai iya nemo kalma ɗaya cikin shafi dubu ɗari kafin shayinsa ya huce. Wannan shi ne fannin da jami'o'in duniya su ke ta buɗe wa cibiyoyi tun farkon ƙarnin nan, wanda za mu iya kiransa nazarin adabi da tarihi da taimakon kwamfuta. Mahaɗa ce ta mutum uku: mai laburare da ya san yadda a ke tsara ilmi don a same shi, da masanin harshe ko tarihi da ya san abin da takarda ta ƙunsa, da mai kwamfuta da ya san yadda a ke sa inji ya yi bauta.

Abin sha'awa, fannin nan daga kundin digiri ya tsiro. Wani limamin Kirista ɗan Italiya, Roberto Busa, yana binciken digirinsa na dakta a birnin Rum a kan rubuce-rubucen Thomas Aquinas, babban malamin cocin Katolika da ya rasu a 1274, sai ya ga ba zai gane nufin malamin ba sai ya bi wata 'yar ƙaramar kalma ta Latin, mai ma'anar "cikin", duk inda ta fito. Ya cika katuna wajen 10,000 da hannunsa. Da ya ga aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a 1949 ya tafi Amurka ya sadu da shugaban kamfanin IBM, Thomas Watson, ya shawo kansa ya ba da injuna. Aka shiga huda katuna, layi bayan layi, har aka shigar da kalmomi wajen miliyan 11. Ba a fara buga sakamakon ba sai 1974, aka gama a 1980, littafi 56, a 2005 kuma aka sa shi a intanet. Abin lura a labarin nan shi ne injin bai san ko kalma ɗaya ta Latin ba. 'Yan mata da aka horar a garin Gallarate su suka yi shekaru suna huda katunan, masana Latin kuma su suka zauna suna mai da kowace kalma ga asalinta. Gumin mutane na shekara 30 ne ya sa yau ɗalibi ya ke samun amsa cikin ƙiftawar ido.

Mu ma ba yau aka fara ba, kuma ya kamata ɗalibai su san haka, don kada wani ya sauka daga jirgi ya ce musu sabon abu ya kawo. A 1954 Kenneth Dike ya kafa ofishin ajiye takardun tarihi na ƙasa, wanda reshensa na Kaduna shi ne rumbun takardun mulkin Arewa. A 1964 aka buɗe cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan ƙarƙashin John Hunwick, inda a kan ari littafi daga mai shi, a ɗauki hotonsa a ɗan siririn fim, a mayar masa da kayansa. A wannan shekara kuma aka soma Shirin Binciken Tarihin Arewa a Zariya, a 1970 Abdullahi Smith ya kafa Gidan Arewa a gidan marigayi Sardauna a Kaduna. Littafin Murray Last a kan Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, kundin digiri ne tun asali, kuma da takardun gidan Waziri Junaidu aka gina shi. Daga wannan gida ne Jean Boyd ta sami rubuce-rubucen Nana Asma'u, waɗanda ita da Beverly Mack suka buga a 1997. A Yamai ma akwai dubban littattafan da Bubu Hama ya fara tarawa. Makarantun koyon aikin laburare kuwa, an buɗe ta Ibadan a 1960, ta Zariya a 1968. Watau masu tara takardu da masu koyon tsara su kusan tare suka tashi, a garuruwa ɗaya, a harabar jami'a ɗaya. In ban da ɗaiɗaikun malamai da suka ƙetara, shekara 50 da ɗoriya ke nan suna gaisawa daga nesa.

Takarda kuwa ba ta jiran a gama gaisuwa. Abin da ya faru a Tambutu kowa ya ji shi. A 2012 'yan bindiga suka mamaye garin, a watan Janairu na 2013, suna kan hanyar gudu, suka cinna wa littattafai wajen 4,000 wuta a Cibiyar Ahmad Baba. Mafi yawan abin da ya tsira, Abdulƙadir Haidara ne da 'yan'uwansa masu gadon littattafai suka sulale da shi zuwa Bamako cikin akwatunan ƙarfe, waɗansu a mota, waɗansu a kwalekwale ta Kogin Kwara. Duniya ta yi kururuwa domin wuta ce, wuta kuwa tana da kyan hoto a talbijin. Namu maƙiyan ba su da amo: gara ce, da laima, da ɗigar rufin soro a watan Agusta, da rabon gado, inda a kan kasa littattafan malami tsakanin magada waɗanda ba duka ne su ke iya karanta su ba. Babu gidan rediyon da zai ba da labarin gafakar da gara ta cinye jiya.

To, a nan mu ke son mu ɗan daɗe, domin akwai wani ruɗu da ya shiga kan mutane, har da manya, cewa da an ɗauki hoton takarda an zuba a kwamfuta, shi ke nan an gama. Hoto ba karatu ba ne. Shafi 10,000 da aka ɗauka aka jibge a faifai ba suna ba bayani, bai fi buhun da aka cika da takardu aka ɗaure bakinsa ba. Sai wani ya zauna ya ce wannan littafi sunansa kaza, wane ya wallafa shi, wane ya kwafe shi a gari kaza, yana magana a kan gado ko taurari ko magani, falle kaza ne, na bakwai ya ɓata. Wannan shi ne fihirisa, kuma shi ne zuciyar aikin laburare tun kafin a haifi kwamfuta.

Mai ganin aikin nan aikin akawu ne bai taɓa buɗe gafaka ba. Littattafanmu na da ba ɗinke su a ke yi ba, falle-falle ne a ke tarawa tsakanin fata biyu a ɗaure, kuma galibi babu lambar shafi. Abin da mai kwafi ya kan yi shi ne ya rubuta kalmar farko ta falle na gaba a ƙasan wanda ya gama. In gafaka ta taɓa zubewa aka tattara da gaggawa, littafi uku su kan cakuɗe su zama ɗaya, sai mai bin waɗannan kalmomi da haƙuri ne zai raba su. Ga kuma maganar shekara. Mawaƙi ya kan ɓoye shekarar da ya gama waƙarsa cikin wata kalma a baitocin ƙarshe, abin da malamai su ke kira ramzi, kowane baƙi da adadinsa. Amma lissafin baƙaƙe iri biyu ne, na Gabas da na Magariba, malamanmu kuwa na Magariba su ke bi. Harafin shin a wurinsu 1000 ne, a lissafin Gabas 300 ne. Sodi a wurinsu 60, a can 90. Wanda ya ɗauko jadawalin Masar ya buga lissafi da shi, sai ya mai da waƙar da aka yi a zamanin Sarkin Musulmi Bello baya da wajen shekara 700, ya kuma rubuta hakan a fihirisa, duniya ta kwafa. Ita kanta takardar tana da shaidar da za ta bayar: in aka ɗaga falle ga haske, sau da yawa a kan ga tambarin jinjirin wata uku, alamar takardar da aka yi a arewacin Italiya ta biyo ayari ta hamada. Hoton da aka ɗauka daga sama ba ya nuna wannan, sai mai ɗaukar ya san da shi ya nema.

Wani zai ce ai yanzu akwai injin da ke karanta hoton rubutu ya mai da shi haruffa. Akwai, amma da me aka koya masa? Da bugun Alƙahira da Bairut. A rubutunmu fa ɗigonta a ƙasa ya ke, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya gare shi a sama, wanda a rubutun Gabas shi ne fa. Ɗigon imala da mu ke sawa a ƙarƙashin baƙi don ya ba da wasalin "e", injin da bai san ƙira'ar Warshu ba sai ya ɗauke shi ɗigar tawada. Ga baƙaƙen da muka ƙara wa ɗigo don su faɗi sautin da babu a Larabci, kamar "tsa". Ga shi kuma hannun Barno daban, na Kano daban, kowane mai kwafi da irin tasa ƙa'ida. Injin zai iya koyo, ba mu musa ba, amma sai an ba shi ɗaruruwan shafuka waɗanda mutum ya riga ya karanta ya rubuta daidai, layi da layi, ya ce masa ga abin da ke nan. Watau mun komo kan 'yan matan Gallarate. Irin wannan karatu na natsuwa ne ya gano tsohon harshen Kanembu rubuce da ƙananan baƙaƙe tsakanin layukan waɗansu Alƙur'anai na Barno, ɗaya daga cikinsu na 1669, bayan an daɗe a na kallonsu.

Su wa za su iya karatun nan? A nan ne abin kunyar ya ke. Mafi yawan masu iya shi ba su cikin jami'a. Suna makarantun zaure da tsangayu, alarammomi da gardawa da malaman ilmi, mutanen da in an zo cika takardar gwamnati a kan sa su a layin waɗanda ba su yi karatu ba. Mu kuwa da a ke kira masu ilmi, da yawanmu in aka miƙo mana wasiƙar da kakanmu ya rubuta da hannunsa sai mu juya ta sama da ƙasa, mu nemi wanda zai taimaka. Ɗalibin da ya taso ta allo sa'an nan ya shigo boko, wanda ya kan ɓoye karatunsa na farko kamar wani tabo, shi ne yau ya ke riƙe da abin da babu a Landan ko Boston. Muna kira gare shi ya daina ɓoyewa. Ɗalibin da ba shi da wannan gata kuwa ya nemi malami ya durƙusa, ya biya shi haƙƙin lokacinsa, ya kuma rubuta sunansa a kundin a matsayin abokin aiki. Al'adar nan ta rubuta "wani dattijo ya shaida mini" a ƙasan shafi, alhali dattijon ne ya yi rabin aikin, lokacin barinta ya yi.

Kada a zaci maganar ta tsaya a ajami. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana edita, ta yi shekaru da dama tana ɗauke da muhawarar Arewa da wasiƙun talakawa. A ce duk fitowarta tana cikin na'ura, an gyara ta a na iya bincikawa, da ɗalibin Hausa ko Tarihi ya tambayi abin da ba ya tambayuwa yanzu. Yaushe kalmar "siyasa" ta bar ma'anarta ta da, ta lallashi da iya tafiyar da mutane, ta koma ta jam'iyya da ƙuri'a? Su wa suka fara rubuta "mulkin kai", kuma daga waɗanne garuruwa wasiƙun su ke zuwa? Amma ko boko yana da nasa tarko. Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya fid da ƙa'idojin rubutunsa a 1912, ba a tsai da haruffa masu ƙugiya ba sai a shekarun 1930; kafin nan wani ɗigo ya ke sawa a ƙarƙashin harafi, wani waƙafi a gefe, yau kuma masu waya sun yar da ƙugiyar gaba ɗaya. Ka nemi "baki" a irin wannan tari, na'ura ta kawo maka na cin tuwo, da na launi, da na masauki, da na allo, duk a kwano ɗaya. Warware wannan kaɗai ya isa kundin digiri na biyu a Kimiyyar Kwamfuta, mai amfani ga duk wanda zai zo baya. Haka littattafan soyayya na kasuwar Kano, waɗanda aka buga a takarda mai arha da ba ta jure shekaru: jerin sunayensu na 1987 zuwa 2002 da Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka tsara, a Turai aka buga shi a 2004. Faya-fayan Shata da sauran makaɗa da ke ɗakunan ajiya na gidajen rediyo su ma zare ne, zare kuwa yana mannewa ya ruɓe.

Gaskiya ɗaya ce, mafi yawan abin da a ke iya gani a intanet yau na takardun Afirka ta Yamma, da kuɗin waje aka yi shi. Tun 2004 Babban Laburaren Ingila ya ke gudanar da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari, ya kuma tallafa wa ayyuka a Arewacin Nijeriya, bisa sharaɗin asalin takarda ya zauna a ƙasarsa. Jami'ar Boston ta Amurka, ƙarƙashin Fallou Ngom ɗan Senegal, ta tara ajamin Hausa da Fulatanci da Wolof da Mandinka, da hannun malamanmu a ciki. A 2022 kamfanin Google ya baje shafi 40,000 na littattafan Tambutu. Ba mu cikin masu zagin waɗannan mutane, domin wanda ya tsamo maka ɗanka daga rijiya ba ka tambayarsa garinsu. Amma mai biyan kuɗi shi ke zaɓen abin da za a fara ɗauka, da harshensa a ke rubuta bayanin, a na'urarsa a ke ajiyewa, ran da tallafin ya ƙare kuma aikin ya tsaya inda ya ke. Sai ga jikan mai littafi yana buƙatar Ingilishi ko Faransanci kafin ya nemo littafin kakansa. Har injunan fassara abin ya shafa. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ya ke fassarawa, amma inji da abin da aka ba shi ya ke koyo, abin da ya fi yawa a intanet kuwa labaran da aka juyo daga Turanci ne. In Hausar Imam da ta malaman zaure ba ta shiga ba, ƙannenmu za su tashi suna koyon Hausa daga injin da ya koye ta a bakin tafinta.

Akwai masu ja da baya, kuma ba duka ne ba su da hujja. Masu littattafai da yawa ba su yarda a ɗauki hoto, domin an sha aron littafi da sunan bincike ba a mayar ba, domin kuma a cikin gafaka akwai abin da na gida ne: asirin magani, da wasiƙun dangi, da takardun da suka ambaci asalin waɗansu mutane waɗanda jikokinsu suna nan da rai. Ba kome ne za a baje a kasuwar duniya ba. Wa ke da ikon cewa a buɗe wannan a rufe wancan, da wane sharaɗi, har zuwa yaushe? Wannan ma bincike ne, irin wanda ilmin bayanai ya kamata ya yi, kuma ba wanda zai yi shi daidai sai wanda ya san yadda a ke shiga zaure a yi sallama. Masu cewa na'ura ba ta da amana su ma sun faɗi gaskiya. A 1986 gidan rediyon BBC ya tara bayanan ƙasar Ingila a faifan zamani don cikar shekara 900 da wani kundin ƙidaya na 1086. Kafin 2002 injin karanta faifan ya kusa ɓacewa daga duniya, sai da masana suka yi aikin ceto, alhali kundin na fata yana nan a na karanta shi. Saboda haka hoto ba ya maye gurbin takarda, kuma abin da aka ɗauka sai an ajiye shi wuri biyu ko uku, a riƙa juya shi zuwa sabuwar ma'ajiya. Masu cewa babu kuɗi ne ba mu yarda da su ba. Kyamara ɗaya mai kyau, da abin kafa ta, da faifan ajiya biyu, ba su kai kuɗin walimar yaye ɗalibai ta sashe ɗaya ba.

Yanzu ga 'yan'uwanmu ma'aikata. Takardun da masu bincike su ke tururuwa Kaduna dominsu, rahoton Di'o ne da wasiƙun En'e da rajistar haraji, waɗanda wani akawu ya jera a fayil ya ba su lamba, bai san yana rubuta tarihi ba. Yau umurni da yawa ta WhatsApp ya ke saukowa, takardar taro tana cikin kwamfutar wani jami'i ta kansa, ran da aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi da ita a jaka. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta amsa wa mai neman bayani, ta kuma wajabta mata tsara takardunta. Amma ofishin da bai san inda fayil ya ke ba me zai bayar? Ba abin mamaki ba ne nan da shekara 50 a san zamanin Lugga fiye da yadda za a san namu. Ma'aikacin da ya sami hutun ƙaro ilmi, ga abin bincike nan a kan teburinsa: ya bi takarda ɗaya daga ranar da ta shigo rajista zuwa inda ta kwana, ya gaya mana a ina ta ke ɓacewa.

Abin da ya rage yana hannun Majalisar Dattawan Jami'a da Makarantar Gaba da Digiri. Ɗalibi ba zai ɗauki aikin da ya san ranar kare kundi za a tambaye shi ina takardar tambayoyinsa ba. Muna roƙo a rubuta a ƙa'ida cewa fihirisar tarin littattafai da aka yi bisa tsari, ko tsohon rubutu da aka karanta aka gyara aka yi wa sharhi, ko tarin matani da aka shirya don na'ura, in an haɗa shi da bayanin hanyar da aka bi da dalilinta, ya isa a ba da digiri a kansa. A kuma halatta malami daga Laburare da malami daga Larabci ko Hausa ko Kwamfuta su duba ɗalibi ɗaya tare, ba tare da an shekara a na gardamar sashen da zai ci sunan ba. Hotuna da bayanan da ɗalibi ya tara a karɓe su a laburaren jami'a ranar da a ke karɓar kundin, a ba mai littattafan nasa kwafi, bayanin kowane littafi kuma a rubuta shi da Hausa a gefen na Ingilishi. Wakilan ɗalibai da ke zama a kwamitocin sassa su ne za su iya sa wannan magana cikin ajandar zama na gaba, kafin a fara rarraba wa sababbin ɗalibai batutuwan bincike na baɗi.